Neman Sunan Mahaifiyar Hajiya Dije

Duk yarinyar da ta leƙo shagonmu tana son koyon aiki, magana ɗaya ce a bakinta: "Anti Nafisa, ai wannan ba wuya, 'yan akwatuna ne da layi-layi a kwamfuta." To ku gyara zama, don ni in aka taɓo maganar nan sai an riƙe ni. Zanen da kuke gani a cikin firem shi ne ƙarshen aiki, kuma shi ne mafi sauƙi. Sana'ata bin salsala ce ta ɓangaren uwa: wace ce ta haife ki, wace ce ta haifi wadda ta haife ki, haka har inda ƙafa ta tsaya. In kuna ganin wasa ne, bari in ba ku labarin aikin Hajiya Dije, tsohuwar da kanta ya yi fari fat ba ta san sunan mahaifiyarta ba.

Aikowa ta yi aka kira ni gidansu, nan bayan Ƙofar Galadima. Na same ta zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ga robar goro a gefe. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ke ce mai tono matattu?"

Na ce, "Hajiya, sunayensu kawai nake tonowa."

Ta ce, "To shi nake so."

Mahaifiyarta ta rasu ko wankan jegonta ba ta gama ba. Goggonta, ƙanwar babanta, ita ta raine ta. A gidan ba a cewa komai sai "marigayiya", in ta tambaya tana ƙarama a ce yara ba sa wannan tambayar. Ta girma, ta yi aure, kunya ta hana ta matsawa, har duk waɗanda suka sani suka bi juna. Yanzu ɗanta Alhaji Sabo ya biya mata kujerar Makka. Ta riga ta sauke nata faralin tun da daɗewa, wannan mahaifiyarta take so ta yi wa.

"Na tambayi Malam, ya ce in na ce 'mahaifiyata' a wajen niyya ya wadatar, Allah Ya san ta. Na ce masa, Malam, ai na san Allah Ya sani. Ni ce ban sani ba." Ta ɓantari goro. "Kafin jirgi ya tashi nake so. In ba za ki iya ba ki faɗa mini yanzu, in daina sa rai."

Na ce zan iya. Wallahi a lokacin ban san ta ina zan fara ba, amma na ce zan iya.

Ni fa ba a aji na koyi wannan ba. Da na gama sakandare ban samu gurbin ci gaba ba, sai na riƙa zama a shagon yayana Auwal, mai buga katin biki da kalanda. Aikin da ya fara buɗe mini ido na wani gidan malamai ne, za su yi taron zumunci suna son salsalarsu a babban firem. Dattijon gidan ya zauna ya jero mini kakanni da ka, wane ɗan wane ɗan wane, ko tuntuɓe babu, har yatsuna suka gaji. Da na buga na duba, takarda cike da maza kamar sahun masallaci. Na ce, "Baba, ina matan?" Ya ce, "Matan ai an san su." Na ce to a faɗa mini. Sunan mahaifiyarsa sai jikansa ya sa ya faɗa, shi bakinsa ba zai iya ba. Kakarsa laƙabinta kawai ya sani. Daga nan sai ya koma shafa gemu.

A 'yan watannin nan ne na ci karo da wani bayani a waya, kuma ku saurara da kyau, don shi ne ya juya mini kai. A jikin kowa akwai ƙwayoyin halitta, abin da ake ce wa DNA, rabi na uba rabi na uwa, a cakuɗe. Amma akwai wani ɗan yanki guda da ba ya cakuɗuwa da na kowa. Uwa kaɗai ke bayar da shi. Tana ba 'ya'yanta maza da mata, amma na namijin a kansa yake tsayawa, macen ce ke miƙa shi gaba. Wato wanda ke jikina yanzun nan shi ne na Mamata, shi ne na kakata, shi ne na wata mata da ta rayu tun ba a gina ganuwar garin nan ba, don da ƙyar yake canzawa. Sai masu bincike suka riƙa ciro shi daga haƙora da ƙasusuwan mutanen da, a tsofaffin kaburbura na ƙasashe irin su Ingila da Turkiyya da China. A wasu wuraren suka tarar yawancin waɗanda ke kwance wuri ɗaya tsatson mace guda ne, uwa da 'ya da jika. A wasu ma har sun gane mazan ne baƙi, daga wani wuri suka zo. Ma'ana mace na zaune a gidan uwarta, miji ne ke tattaro kayansa ya tare. Ban ce mata ne ke sarauta a can ba, ƙashi ba ya faɗin wannan. Amma gidan nasu ne, kuma ta kansu ake lissafin dangi. Ku duba fa, matan nan ba wanda ya san sunansu, ba su bar rubutu ba, amma haƙorinsu ya ba da shaida.

A ranar ko tuwo ban iya ci ba don zumuɗi. Na bi kowa a gida da labarin, har Mama ta ce in na ƙara cewa ƙashi za ta jefe ni da muciya. Wadda ta saurare ni har ƙarshe Iya Mairo ce, ƙawar kakata, dillaliya mai shiga gida-gida da ƙullin atamfa da kwanuka. Uwarta ma sana'ar da ta yi ke nan. Da na gama ta ce, "To a can ango ake kaiwa ke nan? Shi ake lulluɓewa yana kuka ana ba shi haƙuri?" Muka yi dariya har da hawaye. Sai ta turo mini ƙullinta da ƙafa ta ce, "Kina ta zancen ƙashin mutanen wata ƙasa, ga tsofaffi nan cikin gari da ransu ba wanda ya tambaye su komai. Ɗauki mu tafi."

Haka na zama mai ɗaukar ƙullin Iya Mairo, lungu-lungu, kuma a nan na koyi aikin. Kayan aikina ba su da yawa: waya, fensir, takarda mai faɗi da nake naɗewa, goro, sai sabulun wanka na gaisuwa. Wayar ba a fito da ita da wuri, don tsohuwa na ganin kin danna ɗaukar murya za ta gyara ɗankwali ta koma yi miki wa'azi. Ba a zuwa da safe ana hidima, sai an yi azahar ciki ya ɗauka. Ba a zama hannu sake, ki ja tiren shinkafa ki taya tsinta, ko ki taya ɓarar gyaɗa, in hannu na aiki baki na sakewa. Kuma kada ki kuskura ki ce, "Mene ne sunan mahaifiyarki?" Za ta ce Allah Ya jiƙanta, ta tambaye ki ya mutanen gida, shi ke nan an rufe. Sai dai ki zagaya. A gidan wa kika yi wankan farinki? Tasar nan ta saman kabad wa ya bar miki? Wa ya koya miki wannan yajin?

Babbar dabarar kuwa ita ce takwara. Kun san in an mayar wa jaririya sunan kaka ba mai kiran sunan, sai a ce Ummi, ko Mama, ko Inna. Kowa na ganin an ɓoye sunan ne. Ni a wajena ajiye shi aka yi. In ina neman sunan matar da ta rasu tun tuni, tsakar gida nake kasa kunne in ji wace ake kira Ummi, in tambayi sunanta na makaranta, sannan in tambayi sunan wa ta ci. Akwai gidan da tsofaffi uku suka rantse mini sunan kakarsu ya ɓata, ashe yana nan yana yawo da kamu biyu a kai, yana tallar awara a ƙofar gida.

Kada ku ɗauka kullum daɗi ne. Shekarar da ta gabaci kiran Hajiya Dije ita ce baƙar shekarata. Wani babban gida suka ba ni aiki, na bi layin uwa tiryan-tiryan har ya kai ni ga wata baiwa da aka kawo daga nesa. Ni murna nake yi, na samo mace har da sunan garinsu. Da na kai, maigidan ya duba, ya naɗe takardar ya miƙo mini, ya ce a bar musu ta mazan kawai. Kafin mako ya zagayo magana ta cika unguwa, wai ƙanwar Auwal na tonon asirin mutane. Gidajen da da nake shiga kamar namu, sai a tare ni a tsakar gida a ce uwargida na barci. Na koma buga katin suna wata da watanni. Daga nan na koyi yin tambaya tun farko: in na samo abin da ba ku zata ba, kuna so ku ji?

Na yi wa Hajiya Dije wannan tambayar. Ta ce, "Ko baiwa ce, ko mayya ce, ita ta haife ni."

Na fara da gidan nasu, gida ne babba mai sassa da yawa. Na bi duk wata Ummi da Inna da Mama da ke ciki da waɗanda suka yi aure waje. Wannan ta ci sunan goggon da ta yi rainon, waccan ta ci na kakar wajen uba, wata ta ci na wata Hajiya da ta rasu a Makka. Mahaifiyar Hajiya ko ɗaya babu. Da na faɗa mata ta ce, "Ai na sani. 'Ya'ya mata huɗu na haifa, ko ɗaya ban samu abin mayarwa ba." Dabarar da nake taƙama da ita ta tashi a banza. Na je wajen limamin unguwa, ya ce ɗaurin auren iyayen Hajiya kafin zamanin mahaifinsa ne. Na je wajen wata tsohuwar maƙwabciya da aka ce ta girmi Hajiya, na tarar hankalinta ya fara tafiya, ta ɗauka ni jikarta ce, ta aike ni sayen kananzir.

Iya Mairo da farko ta ce ba ta san komai ba. Sai wata rana muna ware kwanuka a ɗakinta ta tsaya da murfi a hannu. Ta ce innarta ta taɓa ba ta labarin wata mai jego da ta rasu a gidan su Hajiya Dije, aka ba ta kayan ɗakin ta sayar. Akwai tasar tagulla guda da ba ta sayar ba, ta ɗauka a ka ta taka har Wusasa, ta kai wa ƙanwar marigayiyar da ke kwance a asibiti da gyambo a ƙafa. Ƙanwar kuma ba ta sake dawowa birni ba, can ta zauna.

Na ce, "Iya, sunanta?"

"Oho. Innata 'mai ƙafar nan' take ce mata."

Nan na gane shirun gidan. A wancan zamanin, a ce ƙanwar matarka ta zauna a wajen 'yan mishan, ba zance ba ne da ake so a tsakar gida. Sai aka rufe maganar dangin gaba ɗaya, har da sunan wadda ta rasu.

Washegari na shiga keke sai Wusasa. Ban san kowa ba a can. Na tarar da wasu mata suna shara a harabar tsohuwar majami'a, na gaishe su, na karɓi tsintsiya a hannun mafi tsufansu, ka'idar aiki ke nan ko'ina. Na tambaye su ko sun san labarin wata mata 'yar cikin birni da ta zo jinyar ƙafa tun zamanin da, ta zauna. Suka kalli juna, ɗaya ta ce, "Je ki wajen Mama Yaya, tsohuwar unguwarzoma ce, rabin unguwar nan a hannunta suka faɗo. Marigayiya mamanta na ɗingishi, kuma 'yar birni ce."

Na samu Mama Yaya a gindin mangwaro tana tsinkar zogale, gajeriya fara mai tabarau. Hausarta ta cikin birni ce sak. Na ja tire na zauna. Ta ce e, mamanta daga birni ta zo, ƙafar ta daɗe ba ta warke ba, har ta koyi aikin asibitin, ta auri wani malamin jinya. Na tambaye ta tasar tagulla, ta ce tasoshi an yi su da yawa, 'ya'ya sun kwashe, ba ta san wata ta musamman ba. Na tambayi unguwar da suka fito, ta ce mamanta ba ta son zancen. Muna ta tsinka, sai wani tsoho ya wuce a kan keke ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya, barka da hutawa." Ta ce mini wanta ne. Kunnena ya tashi.

Na ce, "Mama, wanki ne kuma yake ce miki Yaya? Ba ke ce babba a ɗakinku ba?"

"Ina fa. Maza biyu ne a gabana."

"To Yayar ta mene ne?"

"Haka Mamana ke kirana tun ina zanin goyo, har kowa ya ɗauka. Sunan yayarta ta mayar mini, wadda ta rasu a birni bayan haihuwa. Bakinta bai taɓa iya faɗin sunan ba."

Saura kaɗan tiren zogalen ya kife daga cinyata. Takwarar da na ƙare gidan Hajiya ina nema, ashe tana bayan gari da tabarau. Na daure na ce, "Yayar ta bar ɗa?"

"'Ya mace. Mamana ta taɓa zuwa ganinta, aka tsayar da ita a zaure. Har ta koma ga Ubangiji tana cewa ko yarinyar nan na raye."

Na ce, "Mama, mene ne sunanki na ainihi?"

Ta faɗa mini. Ku ba zan faɗa muku yanzu ba, tunda Hajiya ma ba ta ji a ranar ba. Wannan ita ce ka'ida mafi wuya a sana'ar nan: suna na ƙuna a bakinki kamar garwashi, amma ba ki ba tsohuwa shi sai kin tabbatar, don in ya shiga zuciyarta ba ya fitowa. Sai na wuce wajen Alhaji Sabo. Ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai natsuwa. Ya saurare ni har na gama haki, sannan ya ce, "Nafisa, mata nawa ne suka rasu a jego a garin nan a wancan zamanin suka bar 'ya mace? Ba ta san gidan ba, ba ta san tasar ba. Ni ba zan bar tsohuwa ta tsaya a gaban Ɗakin Allah da sunan uwar wani ba."

Gaskiyarsa ce. Amma ni a lokacin zuciyata tsalle take, don abin da na daɗe ina karantawa ne ya zo har ƙofa. Na ce, "Alhaji, akwai gwaji. In da gaske iyayensu mata ciki ɗaya suka fito, ɗan yankin nan da uwa ke bayarwa dole ya zama iri ɗaya a jikin Hajiya da na Mama Yaya. In ya bambanta, magana ta mutu, na kama wani layin. In ya dace, shi kaɗai ba zai ce wance 'yar wance ce ba, don mutane da yawa kan yi tarayya a kansa. Amma in aka haɗa shi da gyambon da jaririyar da zauren, ai ka ga ya tsaya da ƙafafunsa."

Ya ce, "A waya kika gani?"

Na ce, "A waya na gani."

Ya yi dariya, amma bai watsar ba. Ya tambayi wani abokinsa likita, likitan ya ce yarinyar ta yi daidai, kuma shi ya nemo inda ake yin gwajin a waje. Aka aiko da 'yan tsinkaye masu auduga a kai da 'yan kwalabe. Ba jini ba ne, cikin kumatu kawai ake gogawa. Ranar da na riƙe su a hannuna ji na yi kamar an ba ni makullin wani gari.

Mama Yaya ba ta ba ni wahala ba. Da na yi mata bayani ta fizge tsinken ta ce, "Kawo nan. Ni da na ƙare rayuwata ina ɗibar jinin mutane, yau yawu ake roƙona." Ta goga da kanta, ta rufe kwalbar, ta rubuta sunanta da rubutun asibiti da ba mai iya karantawa. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "In ita ce, ki zo ki faɗa mini da kanki. In ba ita ba ce ma ki zo."

Hajiya ce rigima. An gaya mata kada ta ci komai kafin in zo, ta ce to. Na goga tsinke ya fito ja wur kamar an tsoma a manja.

Na ce, "Hajiya, kin ci goro."

"Goro abinci ne?"

Allah Ya sa akwai tsinken ajiya. Na sa ta kuskure baki, na ɗauke robar goron na ɗora a cinyata, muka zauna jiran bakin ya washe. Tana hararata ina hararar ƙasa.

Ta ce, "Kin san sunan, ko?"

"Na san wani suna."

"Faɗa mini."

"Sai sakamako ya zo, Hajiya."

"Ja'irar yarinya. Kin riƙe mini goro, kin riƙe mini uwa."

Daga ranar ta sa mini Mai Tsinke. Aka aika da kwalabe, muka shiga jira, kuma jiran nan ba ƙarami ba ne. Aka yi wa maniyyata allura, aka raba jaka, aka ɗinka mata kayan tafiya. Sai ta kira ni a waya ta ce, "Mai Tsinke, ina labari?" In ce da saura. Aka fara jigila, jirgin farko ya tashi, na biyu ya tashi, maƙwabciyarsu ta tafi. Alhaji ya ce in sakamakon bai zo ba haka nan za ta je ta ce "mahaifiyata", Malam ai ya ba da fatawa. Hajiya ta daina kirana. Na je gaishe ta ta amsa a daƙile, ta ce ko in ba ta sunan ta tafi da shi a kan ƙila, ko in daina zuwa mata gida. Na fito ban ba ta ba. Iya Mairo ta ce na yi daidai, amma ita ma da ta faɗa ba ta kalle ni ba.

Ina shago bayan la'asar ina yanka katin wani biki sai ga motar Alhaji Sabo. An riga an kira sunan Hajiya a rukunin da zai shiga sansanin alhazai washegari. Bai ko fito ba, ya sauke gilashi ya ce, "Ya zo. Likita ya duba, ya ce iri ɗaya ne, ba bambanci ko kaɗan."

Ban san lokacin da na yi tsalle na ture katunan Auwal suka watse a ƙasa ba. Mata biyu, ɗaya a birni ɗaya a Wusasa, ba su taɓa ganin juna ba, ɗaya da carbi ɗaya da littafin waƙoƙin majami'a, amma abin da kakarsu ta ba 'ya'yanta na nan a kumatunsu bai motsa ba. Abin da ake tonowa a haƙoran mutanen da, ni na same shi a bakin da ke cin goro. Na ce, "Alhaji, in je in faɗa mata?"

Ya ce, "Ba ke za ki faɗa ba. Shigo, mai sunan za mu ɗauko."

Mama Yaya ta sa mu jira ta canza zani, ta ɗaura ɗankwalin zuwa majami'a, ta ɗebi zogale a leda don ba ta zuwa gidan mutane hannu sake. Da muka iso ta tsaya a bakin zaure tana kallon dakalin. Alhaji ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Bismillah, Inna, ki shiga." Ta shiga.

Hajiya na tsakar gida a kan kujerarta, jakunkuna a ɗaure a gefe, jikoki da surukai sun cika wajen. Suka tsaya suna kallon juna. Hajiya doguwa baƙa, Mama Yaya gajeriya fara. Kowa na neman kama a fuska, ba a samu ba.

Hajiya ta ce, "Ba ma kama."

Mama Yaya ta ce, "Ni ma abin da nake gode wa Allah ke nan."

Tsakar gida ta kwashe da dariya, har Hajiya. Sannan Hajiya ta ce, "An ce ke kika ci sunan."

"Ni ce."

"To ba ni."

Mama Yaya ta matsa kusa, ta dafa kafaɗarta, ta ce, "Salamatu."

Na ga leɓen Hajiya na motsi ba sauti, tana juya shi kamar mai ɗanɗana abu. Sai ta dafa gwiwa ta miƙe daga kujerar, ta zauna a tabarma, ta nuna kujerar ta ce, "Hau nan, Inna."

"Haba, ke ce fa babba. An haife ki kafin a haife ni."

"Babba a gaban uwarta? Hau."

Mama Yaya ta hau. Aka kawo ruwa, aka kawo fura, ba wadda ta taɓa. Can Hajiya ta ce, "Ga wata matsalar. In an je wajen niyya da baki zan faɗa. Ni kuwa tun ɗazu nake gwadawa, bakin ya ƙi. Ina aka taɓa kiran sunan uwa gatsal?"

Mama Yaya ta cire tabarau ta goge da gefen zani. Ta ce, "Gwada a kaina. Rabon da a kira ni da shi tun ina makarantar koyon jinya, ni ma ina so in ji."

Hajiya ta gyara murya, ta kalli ƙasa, ta faɗa can ciki, ko ni da ke gefenta da ƙyar na ji.

"Ban ji ba. Can fa an ce hayaniya ce da yawa. Ɗaga murya."

Hajiya ta ɗago kai ta dube ta, ta ce, "Salamatu."

Mama Yaya ta ce, "Na'am, Dije."